Sabulu da Tantanin Rai: Bayani ga Hakiman Bakin Gulbi

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da malamansu na ƙasar Gwandu da ƙasar Argungu, tun ba waɗanda gundumominsu ke bakin gulbi ba. Akwai maganganun da kan zo gaban hakimi waɗanda a ido ba abin da ya haɗa su. Yau Sarkin Ruwa ya zo ya ce kifi ya taso ya mutu a tafki kaza, ba a san dalili ba. Gobe magidanci ya zo ya ce ya ji an ce cikin allurar zazzaɓin cizon sauro da ake yi wa yara akwai dangin abin da ake kashe kifi da shi, saboda haka shi ba za a taɓa masa ɗa ba. Hakimin da ya san yadda sabulu da danginsa ke yi da wani siririn tantani da ke jikin kowane mai rai, zai iya ba su amsa duka biyu, ya kuma san inda laifi yake da inda babu shi.

Ganuwar kitse

Jikin kowane mai rai, mutum ne ko kifi ko shinkafa, an gina shi da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ake kira ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana da tantani wanda ya kewaye ta kamar yadda ganuwa ke kewaye birni, da ƙofofinta da masu tsaronsu. Abin da ya kamata ya shiga, kamar sukari, a bar shi ya shiga. Abin da ya kamata ya zauna ciki, kamar waɗansu gishirin jiki, a tsare shi. Ranar da ganuwar ta ɓule, na ciki ya zube, na waje ya kwararo, ƙwayar ta mutu.

Kanta ya gina ganuwar Surame da dutse, har yau ana ganin kufanta. Wannan ganuwa kuwa da kitse aka gina ta, kuma sirantarta ta wuce misali: sai an jera kamar 20,000 bisa juna kafin su kai kaurin fallen takarda guda. Kitsen da aka yi ta da shi ba irin na rago ba ne. Masana suna kiransa fosfolifid, watau kitse mai ɗauke da fosforas. Wani Bafaranshe mai haɗa magunguna, Theodore Gobley, shi ya fara tsamo shi daga gwaiduwar ƙwai wajen 1846. Kowace ƙwayarsa tana da kai guda da wutsiya biyu. Kan yana son ruwa. Wutsiyoyin mai ne zalla, ba su shiri da ruwa ko kaɗan.

To, ƙwayar halitta ruwa ne cikinta, ruwa ne wajenta. Ina wutsiyoyin za su ɓuya? Sai suka yi sahu biyu, wutsiya na kallon wutsiya a tsakiya, kawunan sahu ɗaya na fuskantar ruwan waje, na ɗaya sahun na fuskantar ruwan ciki. Waɗansu masana biyu na birnin Leiden a ƙasar Holan, Gorter da Grendel, su suka gano haka a 1925. Suka tatse kitsen jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi bisa ruwa, suka auna, suka ga faɗinsa ya ninka faɗin bayan ƙwayoyin sau biyu. Daga baya an gane cewa awonsu yana da kurakurai, sai dai kurakuran sun share juna, amsar ta fito daidai.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan bayani shi ne, ba ƙusa ba ɗauri a ginin nan. Ƙin ruwa kaɗai ke riƙe da shi. Ƙwayoyin kitsen suna yawo cikin sahunsu kamar mutane a cikin kasuwa, ƙofofin kuma, waɗanda da furotin aka yi su, suna shawagi a tsakani. Singer da Nicolson na Amurka suka bayyana wannan siffa a 1972. Ginin da ƙin ruwa ke riƙe da shi kuwa, duk abin da ya iya sasanta mai da ruwa ya iya rushe shi.

Sabulu da danginsa

Aikin sabulu ke nan, sasanta mai da ruwa. Ƙwayar sabulu ita ma tana da kai mai son ruwa, amma yawanci wutsiyarta ɗaya ce. Wutsiyar ta nutse cikin maiƙon da ke jikin riga, kan ya riƙe ruwa, ɗauraya ta kwashe su gaba ɗaya.

Dangin sabulu sun rabu bisa ga irin kawunansu. Sabulun salo da mata ke dafawa da ruwan toka, da sabulun kanti, da mafi yawan abin da ke cikin omo, kawunansu suna ɗauke da ɗan ƙarfin lantarki. Shi ya sa sabulu ba ya kumfa a ruwan rijiya mai zartsi: ma'adinan ruwan su kama kawunan, sabulun ya tsinke ya zama dusa-dusa. Akwai kuma waɗanda kawunansu ba su da lantarki sam. Da sarƙar sukari, ko wata sarƙa mai jawo ruwa, suke riƙe ruwan. Su ne za a riƙa kira a nan sabulu marar lantarki. Zartsi bai dame su ba, ba su cika kumfa ba, ba su cin hannu kamar sauran. Sabili da wannan sanyin hali ake zuba su cikin magunguna, da abinci na gwangwani, da ruwan wanke kwanoni, da maganin feshi. Waɗanda suka fi suna a ɗakunan bincike su ne Triton X-100 da Tween 80. Suna da wata ɗabi'a ta ban mamaki: sukari ya fi narkewa a ruwan zafi, amma ruwan da aka narka Triton a ciki, in aka ɗumama shi ya kai wajen digiri 65, sai ya yi hazo, sabulun ya fara warewa.

Bambancin siffa shi ne tushen maganar. Ƙwayar fosfolifid, da kai guda da wutsiya biyu, faɗinta ɗaya sama da ƙasa kamar bulo, saboda haka in an jera su sai su yi bango miƙaƙƙe. Ƙwayar sabulu mai babban kai da wutsiya ɗaya, gefe guda faɗi gefe guda tsini. Kowane magini ya san in aka jera irin waɗannan, tsini na kallon wuri ɗaya, jerin ba ya miƙewa, sai ya lanƙwasa ya zagayo kamar bakin rijiya. Haka ƙwayoyin sabulu ke yi a ruwa in sun yi yawa: su dunƙule su yi curi, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje. Curin Triton guda yakan ɗauki ƙwayoyi ɗari da wani abu. Amma ba su fara curewa sai yawansu ya kai wani ƙa'idadden awo. Ga Triton, awon nan kamar miligiram 150 ne a lita, watau misalin babban cokali biyu a duro mai cin lita 200. Ƙasa da haka, ɗai-ɗai suke yawo.

Yadda ganuwar ke faɗuwa

Masana biyu, Helenius da Simons, suka tsara bayanin a 1975, kuma har yanzu bisa tsarinsu ake tafiya. Abin hawa uku ne.

Da farko ƙwayoyin sabulun da ke yawo ɗai-ɗai su riski tantani. Wutsiyarsu tana neman mai, ga kuwa mai a tsakiyar ganuwa, sai su cusa kai tsakanin ƙwayoyin fosfolifid su zauna. A wannan hali tantanin bai fashe ba, amma ya fara kumbura, jerinsa ya yi sako-sako, kowane baƙo yana neman lanƙwasa bangon da ya shiga. Nan da can 'yan kafofi su buɗe su rufe. Gishirin ciki ya fara yoyo, ruwan waje ya fara shiga. Hakimi ya lura da wannan da kyau, gama a nan yawancin ɓarna take. Ba sai ganuwa ta rushe birni ke ciwuwa ba, ƙofa guda da ba mai tsaro ta isa. Ƙwayar halitta tana iya mutuwa alhali sabulun da ke ruwan bai kai ko awon curewa ba, bai kuma yi kumfar da ido zai gani ba.

In sabulun ya ƙaru, sai a kai inda tantani ya ƙoshi, ba ya iya ɗaukar ƙari. Daga nan ya fara ɓarewa gutsure-gutsure, kowane gutsure ya dunƙule ya zama curi mai gauraye, sabulu da fosfolifid tare. Wani sashen bango na tsaye, wani ya zama curi. In aka daɗa, bangon ya ƙare sarai, ba saura sai curi na yawo a ruwa. A kwalbar bincike ana ganin wannan da ido: ruwan da yake fari-fari kamar tsinkakken nono, sai ya washe ya zama garau.

Ba yawan sabulun da ke ruwa kaɗai ke yanke hukunci ba. Abin dubawa shi ne yawansa a kan yawan tantanin da zai raba kansa a kai. Cokali guda da aka zuba inda ƙwayoyi suke da yawa, kowace ta sami kaɗan. Cokalin nan inda suke kaɗan, kowace ta sha da yawa.

Dangin kuma ba halinsu ɗaya ba. Triton yana ƙetarawa daga sahun waje zuwa sahun ciki nan da nan, ya ci bangon ta fuska biyu, saboda haka aikinsa sauri gare shi. Waɗanda kansu babban sukari ne ba su iya ƙetarawa da wuri. Su taru a sahun waje kaɗai, sahun ya fi na ciki faɗi, bangon ya yi ta lanƙwasa har ya tsage. Tween 80, mai ƙaton kai, da ƙyar yake samun wurin zama a bango, shi ya sa likitoci suka amince da shi cikin allurai. Tantanin ma wani ya fi wani tauri. Inda wani kitse mai suna kolestarol ya yi yawa tare da kitse masu miƙaƙƙun wutsiyoyi, jerin yakan matse ƙwarai. A 1992 Brown da Rose suka nuna cewa irin wannan sashe ba ya narkewa cikin Triton mai sanyi, ko da sauran tantanin ya narke.

Akwai wani abu guda da ya sa masu bincike ke ƙaunar marar lantarki. Sabulu mai lantarki, in ya rushe bango, yakan bi ƙofofin furotin ya warware su, su lalace. Marar lantarki ya kwashe bangon, ya naɗe ƙofar cikin curinsa, ya bar ta da siffarta. Da yawa daga abin da aka sani game da ƙofofin ƙwayar halitta, ta wannan hanya aka sani.

Aduwa da kifi

Tun kafin Turawa su haɗa nasu, Allah ya ajiye irin wannan sabulu a daji. Aduwa, wadda kowane yaro a ƙasar Kabi ya tsotsi 'ya'yanta, tana ɗauke da shi a ɓawonta da saiwarta da 'ya'yan. Masana suna kiransa safonin. In an daka ɓawon an kaɗa a ruwa sai ya yi kumfa, kuma a ƙasashe da yawa ana wanki da shi. Kansa sarƙar sukari ce, jikinsa kuma ya yi kama da kolestarol. Saboda kamar nan, in ya shiga tantani sai ya nemi kolestarol ya manne masa, su taru su yi zobe, tsakiyar zoben ya zama rami. Jar ƙwayar jini, wadda kolestarol ɗinta ya kusan kai fosfolifid yawa, ba ta jure masa ko kaɗan.

Mutum yana shan aduwa lafiya, in ya yawaita dai ta sa shi gudawa, domin hanji ba ya barin safonin ya wuce cikin jini sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kifi ba shi da wannan kariya. In aka ɗaga kumatun kifi za a ga wani jan nama mai kama da mataji, da shi yake numfashi. Ja ne domin tsakanin jininsa da ruwan gulbi ba kome sai 'yan ƙwayoyi sirara, kuma dare da rana yana tura ruwa ta kansu. Jinin kifi ya fi ruwan gulbi gishiri, saboda haka kullum ruwa na neman shiga, gishiri na neman fita, tantanin nan ne ke tare su. Da sabulu ya taɓa shi, naman ya kumbura, ya yi majina, iska ta daina wucewa. Kifin ya taso sama yana haki, ya juya ciki. An auna Triton a kan wani ƙaramin kifin Amurka, aka ga ƙasa da miligiram 10 a lita ya kashe rabinsu cikin kwana huɗu. Wannan bai kai rabin ƙaramin cokalin shayi a duro ba.

Karfasa da giwan ruwa, da suka dogara ga ruwa kaɗai wajen numfashi, su kan fara jigata. Tarwaɗa da gaiwa, masu iya shaƙar iskar sarari, sukan daɗe. 'Ya'yan kifi kuwa su ne farkon tafiya, kuma ba mai ganinsu balle ya ƙirga. Wanda ya zuba dakakken ɓawo a tafki ya kwashi kwando biyu, ya kashe na baɗi da na baɗin waccan. Magimfa, wadda ita ma ake zubawa, hanyarta dabam ce: dafinta yana shiga cikin ƙwayar ya tsayar da numfashinta. Gamalin kuma dafin ƙwari ne, yana zama a naman kifin ya bi mai ci. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa, ta 1992, ta hana amfani da dafi da nakiya da lantarki, ba ta ware na daji da na kanti ba. Al'adar Kabawa ma ta riga doka. Hana su a Matan Fada har sai ranar da aka buɗe, shi ya sa masu homa da gora ke samun abin da suke fitarwa a bikin da aka fara a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2016.

Halin nan na aduwa yana da fuskar alheri. Katantanwar ruwa, wadda tsutsar tsargiya ke girma a cikinta, ita ma safonin na kashe ta. A 1933 likita Robert Archibald na birnin Hartum ya ba da shawarar a yi amfani da 'ya'yan aduwa a kashe ta a tafkuna da rijiyoyin Sudan. A 1964 kuma wani masani Bahabashe, Aklilu Lemma, ya lura a garin Adwa cewa ƙasa da inda mata ke wanki da 'ya'yan wani tsiro mai suna endod, katantanwa duk a mace suke, sama da wurin kuwa suna nan da rai. Cikas ɗin shi ne abin da ya kashe katantanwa ba ya barin ƙananan kifi. Saboda haka wannan aikin ma'aikatan lafiya ne, da awo, a ruwan da ba a su a cikinsa.

Abin da ke cikin tankin feshi

A yau aduwa ba ita ce babbar damuwa ba. Tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978, aka bi da ta Goronyo, ambaliyar da ke wanke fadamu kowace shekara ta sauya hali. Noman rani da injin ban ruwa ya yaɗu, ya daɗa ƙarfi bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, aka kuma buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a Argungu a 2017. Inda dā ake noma da fartanya, yanzu maganin ciyawa ne.

Kowa ya ga yadda ruwa ke tsayawa dunƙule bisa ganyen gwaza ya gangare. Ganye yana da kakin da ke korar ruwa. Domin magani ya shimfiɗu ya ratsa, sai masu haɗa shi su gauraya masa dangin sabulu, yawanci marar lantarki. Sau da yawa takardar jikin galan ba ta faɗin sunansa, sai sunan dafin ciyawar kaɗai. Ga ciyawa, sabulun ɗan rakiya ne. Ga kifi, shi ne mai kisan. A 1979 masana a Amurka, Folmar da abokansa, suka raba maganin glifoset da sabulun da ake haɗa shi da shi, mai suna POEA, suka gwada kowanne a kan wani kifin ruwan sanyi. Dafin ciyawar shi kaɗai sai da ya kai miligiram 140 a lita kafin ya kashe rabin kifin. Sabulun shi kaɗai, miligiram 2. Sun kuma ga ɓarnar na ƙaruwa in ruwa ya yi ɗumi. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana haɗa POEA da glifoset a 2016. Wani reshen dangin, wanda Triton ke cikinsa, in ya ruɓe a ruwa yakan bar saura mai rikita haihuwar kifi, har namiji ya riƙa yin sinadarin ƙwai irin na mace, don haka suka taƙaita amfani da su.

A haɗa wannan da halin Gulbin Kabi a watan Maris da Afrilu. Ruwa ya ja baya, gulbi ya yanke ya zama tafkuna, rana ta gasa su, kifi ya taru a ɗan wuri. Yaro ya gama feshi, ya gangara bakin tafki ya ɗauraye tanki, ya juye ragowar, ya wanke galan domin a riƙa ɗiban ruwa da shi. Bai yi da mugunta ba, kuma in an ce masa ya zuba dafin kifi zai rantse bai yi ba, gama shi maganin ciyawa ya sani. A kan ƙasa, laka tana kama yawancin sabulun nan, ƙwayoyin ƙasa su cinye shi sannu a hankali. Saboda haka gyaran ba shi da tsada: a ɗebi ruwa a bokiti, a hau tudu nesa da gaɓa, a wanke tanki a can, a fesa ruwan ɗaurayar a cikin gonar da aka yi wa aiki. Galan kuma a huda shi. Dagatai da masu unguwanni sun fi kowa sanin mashigin da ake wannan ɗauraya.

A asibiti

Abin da ke kisa a tafki shi ke aiki a hannun likita, bambancin awo ne da wurin da aka sa shi. Malamin asibiti da ke gwajin zazzaɓi yakan ɗiga jini a 'yar farar faranti ya bi da ɗigon wani ruwa. Cikin aikin ruwan nan har da fasa jajayen ƙwayoyin jini da irin wannan sabulu, domin alamar ƙwayar cutar da ke ɓoye a ciki ta fito a gani. Tun wajen 1985, bisa hanyar da cibiyar jini ta New York ta ƙago, ana wanke magungunan da ake tatsa daga jinin mutane da sabulu haɗe da wani mai, domin a narkar da rigar ƙwayoyin cuta irin na ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, furotin ɗin maganin kuwa ya tsira.

Waɗannan cututtuka, da korona da Lassa, suna sanye da rigar kitse da suka yago daga tantanin wanda suka kama, shi ya sa sabulu ke cin su. Ƙwayar shan inna ba ta da wannan riga, ƙoƙonta furotin ne, sabulu ba ya narkar da ita sai dai ya ɗauraye ta daga hannu. Rigakafi ne ya kore ta, har aka bayyana a Agusta 2020 cewa nau'inta na daji ya ƙare a Afirka.

Saura maganar magidancin nan. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna cewa a Jihar Kebbi yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba jihar da ta kai haka. Shi ya sa a Disamba 2024 aka fara ba da rigakafin R21 a Kebbi da Bayelsa kafin sauran jihohi, allura huɗu, ta farko a wata biyar. Jami'ar Oxford ta ƙago shi, ana haɗa shi a Indiya. Gaskiya ne a cikinsa akwai safonin, daga ɓawon wani itace na ƙasar Cile, an sa shi domin ya zaburar da jiki ya lura da rigakafin. Hakimi kada ya musa wannan, gama wanda ya kawo maganar yana iya karanta ta a wayarsa. Abin da zai bayyana shi ne, tun a masana'anta an riga an haɗa safonin ɗin da kolestarol da fosfolifid, ya kama su ya dunƙule. An ba shi abin da yake nema tun kafin ya shiga jiki, don haka ba ya bin ƙwayoyin jinin yaro kamar yadda sakakke zai yi. Yawansa kuma bai kai miligiram guda ba, nesa ba kusa ba, kuma a tsoka ake sa shi. Ɗan zafin jiki ko kumburin wurin allura na kwana ɗaya ko biyu yakan faru, ya kamata a gaya wa iyaye tun da wuri.

In kifi ya mutu

Ba kowace mutuwar kifi ce dafi ba, kuma kada a kama mutum bisa zato. A tafkin da ruwansa ya yi kore, ko bayan ruwan farko ya kwaso shara ya zuba, iskar cikin ruwa takan ƙare. Irin wannan mutuwa da asuba take zuwa, manyan kifi ke fara tafiya, in rana ta ɗaga sai abin ya lafa. Ta dafi ba ta da lokaci, ƙanana take fara ɗauka, kuma sau da yawa akan ga 'ya'yan kwaɗi da katantanwa da ƙwarin ruwa a mace tare da su.

Malamin hakimi ya rubuta rana da sa'ar da aka fara gani, da irin kifin da girmansu, da ko akwai kumfa ko wari, da gonakin da aka yi wa feshi a sama da wurin cikin kwana biyu, da sunan da ke jikin galan in an samu. A hana mutane ci da sayarwa har ma'aikacin kifi na ƙaramar hukuma ya zo. A ɗebi ruwa a ranar, gama sabulun nan ba ya jira: kwalba ɗaya daga inda kifin ya mutu, ɗaya daga sama inda lafiya take, a toshe, a rubuta wurin a jikin kowace, a ajiye a inuwa cikin sanyi. Kwalbar ta zama ta gilashi, a ɗauraye ta sau uku da ruwan wurin, kada a wanke ta da omo.